Malam Aliyu Namangi, Makahon da Ya Bar Mana Imfiraji

A filin tarihin magabata na wannan Juma'a za mu waiwayi Alhaji Aliyu Namangi na Zariya, Allah ya jiƙansa.

Da yawanmu da muka taso a gida kafin neman abinci ya kawo mu Abuja, mun san waƙar Imfiraji tun ba mu san sunanta ba. Mun ji ta a bakin makafi a tasha, a kasuwa, a ƙofar masallaci, ɗaya na ja sauran na amshi. Shi ya sa wasu suka ɗauka waƙar bara ce kawai. Alhali mai ita malami ne, kuma shi ma makaho ne.

An haifi Malam Aliyu a ƙasar Zazzau wajen shekarar 1894, kafin Turawa su ci ƙasar Hausa. Ya rasa ganinsa tun yana ƙaramin yaro. A wancan zamani, abin da aka fi tanadar wa yaro makaho shi ne sanda da ƙoƙo da ɗan jagora. Shi kuwa Allah ya haɗa shi da karatu. Tunda ba ya ganin baƙi a allo, sai kunne ya zama allonsa: malami ya biya masa, shi ya yi ta maimaitawa har karatun ya zauna. Da haka ya yi karatun Alƙur'ani, ya kuma shiga littattafan addini a Zariya, garin da aka sani da malamai.

Da wannan ilmin ne ya shiga tsara waƙa. To ku duba wahalar aikin. Mai ido idan ya rubuta baiti bai yi masa ba, sai ya goge ya sake. Shi Malam a ka yake tsarawa, a ka yake gyarawa, ya riƙe, sannan ya faɗa a rubuta masa. Kuma ba 'yar gajeriyar waƙa ba ce. Imfiraji kashi-kashi take, ta ɗaya har zuwa ta tara a littattafan da kamfanin NNPC na Zariya ya buga, baitoci ɗaruruwa. A ciki akwai yabon Manzon Allah (SAW), akwai wa'azi kan mutuwa da kabari da hisabi, akwai jan kunne kan ruɗin duniya, duk da Hausar da tsohuwa a ƙauye za ta gane. Ita kanta kalmar Imfiraji daga Larabci take, ma'anarta yayewar ƙunci.

Waƙar ta bazu ko'ina a ƙasar Hausa. Makafi suka haddace ta, suka kai ta inda littafi bai kai ba. 'Yan makaranta suka karanta ta a darasin Hausa. Ni kaina a sakandare na fara ganin ta a rubuce. Daga baya Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa, shi ya sa za ku ji ana cewa Dokta Aliyu Namangi. Ya rasu a 1990 yana da shekara fiye da 90.

Wannan ba baƙon abu ba ne a addininmu. Sahabi Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, amma yana cikin ladanan Manzon Allah (SAW), kuma an sha barin sa ya ja wa mutanen Madina salla idan an yi tafiya.

To mu fa? Duk Juma'a muna wuce makafi da guragu a ƙofar masallacin nan, mu jefa naira hamsin mu shige. Wasunsu daga Karon Majigi suke zuwa, da 'ya'yansu suna jagora lokacin da ya kamata suna aji. Sadaka alheri ce, kada a daina. Amma da kuɗin sadaka kaɗai aka ba Malam Aliyu aka hana shi malami, wallahi da yau babu Imfiraji.

A nan Abuja akwai makarantar yara makafi ta gwamnati a Jabi. Kuma tun watan Janairu na 2019 aka sa hannu kan dokar da ta hana nuna wa masu naƙasa bambanci, wadda ta ce a gyara gine-ginen jama'a yadda za su iya shiga. Mu kuwa matakalar masallacinmu da wurin alwala har yanzu mai keken guragu sai an ɗauke shi cak, a gaban mutane.

Saboda haka kwamiti na roƙon abu biyu. Duk wanda yake da yaro makaho, kurma ko gurgu a gida ba ya karatu, ko ya san maƙwabci mai irinsa, ya tsaya bayan salla mu yi magana, ba tare da kowa ya ji ba. Sannan magina da ke cikinmu, a zo a duba matakalar nan a gaya mana buhun siminti nawa za ta ci.

Allah ya gafarta wa Malam Aliyu Namangi, ya yaye mana ƙuncinmu baki ɗaya. Amin.

Sakataren masallaci