Alfred Nobel da Wasiyyarsa

An haifi Alfred Nobel a birnin Istokholm, cikin ƙasar Suwidin, a shekarar 1833. Yana da shekara tara gidansu suka ƙaura zuwa Rasha, inda ubansa yake ƙera kayan yaƙi. Tun yana yaro ba shi da ƙoshin lafiya, amma yana da ƙwazo. Ya koyi harsuna biyar, ya kuma ƙware wajen ilmin harhaɗa magunguna.

A zamanin nan akwai wani ruwa mai kama da mai, ana kiransa naitirogilisarin. Yana da ƙarfin fasa duwatsu, amma haɗarinsa ya yi yawa, ko girgiza shi aka yi da ƙarfi sai ya fashe. A 1864 ya fashe a ma'aikatarsu, ya kashe ƙanensa Emil tare da waɗansu mutane. Duk da haka Nobel bai fid da rai ba. Ya yi ta gwaji har ya gane in an cuɗa ruwan da wata irin ƙasa mai tsotse shi, ana iya ɗaukarsa lafiya. Wannan ita ce nakiyar da ya fitar a 1867. Da ita aka riƙa huda duwatsu, ana shimfiɗa hanyoyin jirgin ƙasa. Ya sami dukiya mai tarin yawa.

Da girma ya zo masa, sai ciwon zuciya ya kama shi, ƙirjinsa ya riƙa ɗaurewa. Abin mamaki, maganin da likitoci suka rubuta masa shi ne naitirogilisarin ɗin nan, gama ɗan kaɗan daga cikinsa yana buɗe hanyoyin jini. A lokacin kuwa ba wanda ya san yadda yake yin haka.

Nobel bai yi aure ba, bai bar ɗa ba. A 1895 ya rubuta wasiyya a birnin Faris, cewa a ajiye mafi yawan dukiyarsa, a riƙa raba ribarta kowace shekara ga waɗanda suka fi amfanar 'yan adam. Ya yanka kyauta biyar, ɗaya daga cikinsu ta ilmin likita ce. Ya rasu a Italiya ran 10 ga Disamba, 1896. Waɗansu danginsa suka yi jayayya, sai da aka daidaita, sa'an nan aka fara ba da kyautar a 1901.

Masu binciken ciwon zuciya sun ci moriyarta ƙwarai. A 1924 an ba Willem Einthoven, mutumin Holan, saboda na'urar da take zana bugun zuciya a takarda. A 1956 an ba likitoci uku, cikinsu har da Werner Forssmann na Jamus, wanda ya zura siririn bututu ta jijiyar hannunsa har cikin zuciyarsa. A 1998 kuma waɗansu masana uku na Amurka suka karɓa, su ne suka gano sirrin yadda hanyoyin jini suke buɗewa, watau yadda maganin nan na Nobel yake aiki.

Kun gani, yara, mutum yakan tafi, alherinsa ya zauna. Gaskiyar Hausawa, alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.