Usman Sembene, ɗan dakon da ya mai da silima makarantar dare

In ana zancen ilimantar da jama'a ta hanyar fim, sunan da ke fara zuwa bakina shi ne Usman Sembene na ƙasar Senegal. Ina so mu da ke zaune a ƙasashen waje mu san shi, don shi ma ɗan ci-rani ne kamarmu.

An haife shi a 1923 a garin Ziguinchor, mahaifinsa masunci ne. Bokonsa bai yi nisa ba. Ya yi aikin gini, ya yi kanikanci, Faransa ta ɗauke shi soja a 1944, daga baya ya tsallaka birnin Marseille ya zama ɗan dako a tashar jiragen ruwa. A can ya shiga ƙungiyar ƙwadago, ya duƙufa karatu, har ya fara rubuta littattafai da Faransanci. Wanda ya fitar a 1960, kan yajin aikin ma'aikatan jirgin ƙasa na layin Dakar zuwa Bamako, shi ya ɗaga sunansa.

To amma da ya koma gida sai ya ga mutanen da yake rubutu dominsu akasarinsu ba su iya karanta Faransanci ba. Sai ya tafi Mosko koyon haɗa fim, yana dab da shekara 40. Gemu dai ba ya hana ilimi. A 1963 ya fitar da Borom Sarret, ɗan gajeren fim kan mai keken doki a Dakar. Silima a wurinsa makarantar dare ce, haka yake kiran ta, kuma yakan ɗauki finafinansa ya kai ƙauyuka a haska, in an gama a zauna a yi ta muhawara da shi.

Fim ɗinsa da ya fi taɓa ni shi ne Mandabi na 1968, wanda ya yi da harshen Wolof don kowa ya ji. Wani dattijo ne, Ibrahima Dieng, mai mata biyu, ba aikin yi. Ɗan 'yar'uwarsa da ke sharar titi a Paris ya aiko da kuɗi ta gidan waya, sefa dubu 25. Kafin ma ya karɓa, labari ya zaga unguwa, an fara cin bashi a kanti, masu roƙo sun cika ƙofar gida. Gidan waya suka ce sai da katin shaida, masu kati suka ce sai da takardar haihuwa da hoto, ga shi bawan Allah bai iya karatun boko ba. Ƙarshenta wani ɗan boko da ya amince wa ya cinye kuɗin. Wallahi duk wanda ya taɓa aika kuɗi gida, ko ya taɓa jiran a aiko masa, ya san wannan gidan. A ganina ba laccar da za ta nuna amfanin yaƙi da jahilci kamar yadda fim ɗin nan ya nuna, kuma ana kallo ana dariya.

Hukuma ba ta cika jin daɗinsa ba. Gwamnatin Senghor ta hana nuna Ceddo na 1977, wai rubutun sunan bai yi daidai ba. Bai fasa ba. Yana da shekara 81 ya fitar da Moolaadé, kan kaciyar mata, wanda ya ɗauka a wani ƙauyen Burkina Faso, ya kuma ci kyauta a bikin finafinai na Cannes a 2004. Ya rasu a Dakar ranar 9 ga Yuni, 2007.