Bill Wilson, Mashayin da Ya Nemi Ɗan'uwa

A nan Barkiya, da Kurfi, da Dutsin-Ma, mun sha ganin saurayi ya bar burukutu ko ƙwaya, dangi suna ta murna. Bayan sati uku sai ga shi da fushi ba dalili, barci ya ƙi zuwa, yau dariya gobe hawaye. Sai mutane su ce tubansa ba na gaskiya ba ne. Domin wannan muka ga ya kamata mu ba ku labarin wani mutumin Amurka.

An haifi Bill Wilson a 1895 a ƙauyen East Dorset, cikin jihar Vermont. Iyayensa suka rabu tun yana yaro, kakanninsa suka goye shi. Ya fara sha sa'anda ya shiga soja a 1917, gama ya ga giya tana kawar masa da jin kunya cikin taro. Ya auri Lois a 1918. Ya sami kuɗi a kasuwar hannun jari ta birnin Niyok, amma giya ta cinye aikin duk da mutuncin, har matarsa ce ta riƙa ciyad da gida da aikin kanti.

Sau huɗu ana kwantad da shi a asibitin Towns. Likitansa, Silkworth, ya koya masa abin nan ciwo ne na jiki da na tunani, ba rashin hali kaɗai ba. Ran 11 ga Disamba 1934 ya yi shansa na ƙarshe. A bisa gadon asibitin nan ya yi kuka ga Allah, ya ji an sauke masa kaya.

Amma murnan nan ba ta zauna kullum ba. Ba shi da aiki. Jin tausayin kansa da ƙullatar mutane sukan taso masa kamar guguwa. Kadan abin ya yi tsanani, sai ya tafi asibiti ya zauna da wani mashayi, ya komo da sauƙin zuciya. Watanni suka wuce, ba ko ɗaya da ya warke ta hannunsa. Da ya karai, Lois ta tuna masa shi kansa bai sha ba.

Cikin Mayu 1935 ya tafi garin Akron domin wani ciniki, cinikin ya lalace. Ga shi baƙo, shi kaɗai a zauren otal na Mayflower, yana jin dariyar masu-sha daga wannan gefe. A wancan gefe kuwa ga allo mai-sunayen ekklisiyoyi. Tsoro ya kama shi. Ya buga waya ga wani fasto, Walter Tunks, yana neman mashayin da za ya yi magana da shi. Kashegari aka haɗa shi da likita Bob Smith, wanda ya yarda da minti 15 kaɗai, amma suka yi wajen awa 6. Cikin Yuni Bob ya bar sha. Daga nan aka sami ƙungiyar Alcoholics Anonymous, watau mashaya masu-taimakon juna ba tare da bayyana sunansu ba.

Har wa yau yaƙin bai ƙare ba. Daga 1944 zuwa 1955 baƙin ciki mai-nauyi ya danne shi, har ya nemi taimakon likitoci. A rubutunsa da aka buga a 1958 ya ce ya gane tushen abin: ya rataya farin cikinsa a kan yabon mutane. Ya rasu ran 24 ga Janairu 1971 da ciwon huhu, gama taba ba ta sake shi ba. Amma shekara 36 bai taɓa giya ba.

Likitoci sun nuna ƙwaƙwalwar da ta saba da maye takan ɗauki makonni, ko watanni, kafin ta daidaita. Wanda ya daɗe yana sha ƙwarai kuwa, kada ya yanke farat ɗaya sai da likita, gama jijjiga tana iya kisa.

Mu tuna annabi Iliya ma ya roƙi mutuwa bayan nasarar Dutsen Karmel. Aka fara ba shi abinci da barci, ba tsawa ba. Ya ku 'yan'uwa, kadan akwai irin wannan saurayi a gidanku, kada ku auna tubansa da fuskarsa ta yau. Ku ci tuwo tare da shi, ku kai shi gona, ku raka shi asibiti. Kai kuma da kake cikin yaƙin, ran da zuciya ta yi duhu kada ka zauna kai kaɗai. Tashi ka buga ƙofar ɗan'uwa tun magariba ba ta yi ba.