Alhaji Mamman Shata: Mai tallan alewa da ya kai mu duniyar wata

Yau ba labarin sabon fim na kawo muku ba, labarin wani tsoho ne da ya rasu tun kafin a haifi da yawanmu, har da ni mai rubutun nan. Amma bari in fara da abin da ya sa na ɗauko shi.

Ni dai a nan Sabon Birni ta ƙasar Gwarzo nake, kuma sana'ata cajin waya da tura waƙa da fim. Kwanaki kakana, wanda muke kira Baba Tsoho, ya aiko min da 'yar rediyonsa mai cin memori, ya ce in cika masa ita da Shata. Na buɗe kwamfuta ina taƙama, don waƙoƙin da ke ciki ko wata guda ka yi kana ji ba za su ƙare ba. Wallahi na Shata ba su cika goma ba, su ma babu mai suna a kai, lamba ce kawai. Da na kai masa sai ya tambaye ni ina ta kumbo. Na ce wane kumbo? Kallon da ya yi min har yau ban manta ba. Ya sa aka jawo wata tsohuwar jaka daga ƙarƙashin gado, cike da kaset, amma damina da gara sun riga mu. Guda uku kaɗai suka yi magana. Daga ranar na shiga tambaya da karance-karance, ga abin da na tattaro.

An haifi Muhammadu, wanda duniya ta sani da Mamman Shata, a shekarar 1923 a garin Musawa. A lokacin garin yana ƙarƙashin En'e ta Katsina, yanzu kuma ƙaramar hukuma ce a Jihar Katsina, wadda aka cire daga Jihar Kaduna a 1987. Mu mutanen Gwarzo maƙwabtanmu ne, iyakar Katsina ba ta da nisa da mu. Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro, Bafulatani ne, kuma gidansu ba gidan kiɗa ba ne. Wannan kuwa babban abu ne a wancan zamani, domin kiɗa da waƙa gado ake yi, kamar ƙira ko fawa ko wanzanci. Mahaifinsa bai so ɗansa ya zama mawaƙi ba ko kaɗan, yana ganin abin roƙo ne, zubar da mutunci ne. Duk yaron da ya taɓa ɓoye wa babansa cewa yana zuwa situdiyo, to ya san irin wannan halin.

Ya yi makarantar allo kamar sauran yara, ya yi noma, sannan ya shiga talla. Ya sayar da goro, daga baya ya koma alewa. A dandali ya fara waƙa tare da samarin garinsu, don nishaɗi kawai, babu maganar kuɗi. A hankali sai ya zama idan ya buɗe baki sauran sai su yi shiru. Ƙarshe dai ya ajiye faifan alewa ya rungumi waƙa gaba ɗaya.

Daga Musawa ya koma Bakori, inda ya samu ubangida, Abdullahi Inde, ɗan sarautar Musawa da ke aikin En'e a ɓangaren sayen auduga da gyaɗa. Ku lura da wannan, don akwai darasin ƙasa a ciki. Yankin Bakori da Funtuwa da Malumfashi ƙasar auduga ce. Funtuwa tana kan layin dogon da ya tashi daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda, ga injin gurzar auduga, ga 'yan kasuwa da direbobi da ma'aikata masu kuɗi a aljihu lokacin kaka. Mawaƙi kuwa inda jama'a da kuɗi suke nan yake dosa. A 1952 ya yi wasa a Kano a wani babban biki da aka fi sani da Bikin 'Yan Sarki, inda 'ya'yan gidan sarautar Kano da dama suka yi aure lokaci guda. Daga nan sunansa ya fita daga ƙauye ya shiga birni. Daga baya Funtuwa ta zama gidansa har ƙarshen rayuwarsa.

Yanzu bari mu zo kan kiɗan kansa. Shata da kalangu yake waƙa, kuma kalangu asali kiɗan mahauta ne da na 'yan mata a dandali, ba kiɗan fada ba ne irin kotso ko taushi. Icce ne da aka fafe, tsakiyarsa siririya, an rufe bakinsa biyu da fata, an haɗa su da igiyoyi. Makaɗi yana saƙale shi a hammata. Idan ya matse igiyoyin fatar ta ɗaure, sauti ya hau; idan ya sassauta sauti ya sauka. Hausa kuwa harshe ne mai hawa da saukar murya. Ku faɗi kuka na hawaye, ku faɗi kuka ta miya, za ku ji bambancin a muryarku yake, haruffan ɗaya ne. Shi ya sa kalangu yake iya kwaikwayon magana, har wanda ya saba ya gane abin da yake cewa. Abin da piyano ke yi wa mawaƙanmu na yau da maɓalli, hammatar makaɗi ce ke yin sa a wajen Shata.

Tsarin waƙarsa mai sauƙi ne a ji, mai wuya a yi. 'Yan amshi suna riƙe da layi ɗaya suna maimaitawa, shi kuma yana zuba baitoci a tsakani. An san shi da ƙirƙirar waƙa nan take a gaban jama'a, ba takarda, ba a tsaya a goge a sake. Shi ya sa waƙa ɗaya za ka ji ta iri biyu ko uku, gwargwadon inda aka ɗauke ta. Bakandamiyarsa ma haka take, wato waƙar da yake yi wa kansa kirari yana lissafa garuruwan da ya taka da yadda ya kara da sauran mawaƙa. Wanda ya ce Hausawa ba su san gasar baki tsakanin mawaƙa ba sai da hip-hop ya zo, ya je ya saurare ta.

Wa yake yi wa waƙa? Kowa. Sarakuna, attajirai, sojoji, direbobi, manoma, mata, har dabbobi da dazuzzuka. Mawaƙan fada irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo an fi saninsu da sarakunansu, shi kuwa Shata bai ɗaure kansa a ƙofa ɗaya ba. Sai kuma zamani ya taimake shi. Faifan garmaho ya zo, Rediyon Kaduna ta buɗe a 1962, daga baya kaset ya cika kasuwa. Muryarsa ta riga shi isa Nijar da Gana da Kamaru da duk inda Bahaushe yake zaune.

To, ga maganar kumbon da Baba Tsoho ya tambaye ni. Ranar 16 ga Yuli 1969 Amurka ta harba kumbon Apolo 11 daga jihar Fulorida, da mutum uku a ciki: Neil Armstrong, Buzz Aldrin da Michael Collins. Ranar 20 ga wata biyun farko suka sauka a kan wata, Collins ya tsaya a sama yana kewayawa, ranar 24 kuma suka dawo suka faɗa tekun Fasifik lafiya. Tsakaninmu da wata kusan kilomita 384,000 ne. A can nauyin mutum yana komawa kashi ɗaya cikin shida na nauyinsa a nan, kuma babu iska, don haka ko za ka fasa kalangu da duka na kusa da kai ba zai ji ba, saboda sauti sai da abin da zai ɗauke shi. A lokacin Najeriya tana tsakiyar yaƙin basasa, wanda aka yi daga 1967 zuwa 1970, talabijin kuwa sai gidan wane da wane a birni. Shata ya ɗauki wannan labari ya yi masa waƙa da kalangu. Ka duba fa, mutumin da bai yi boko ba, shi ne ya shigar da labarin kimiyya mafi girma na zamaninsa cikin zaurukan ƙauye. Baba Tsoho har gobe yana da ja a kan ko da gaske mutum ya taka wata, mun sha musu da shi, amma sunan kumbon da ƙasar da ta harba shi bai taɓa mantawa ba, kuma ba a aji ya koya ba.

Ba zan ɓoye muku ɗaya gefen ba, don tarihi ba kirari ba ne. Shata yana da kaifin harshe. Idan ya yi wa mutum zambo, abin yakan bi shi har zuriyarsa, kuma mutane da dama suna tsoron bakinsa. Yana da waƙar da ya yi wa mashaya, wadda malamai da iyaye suka yi tir da ita, har yau akwai gidajen da ba a kunna ta. Shi ɗin dai kuma ya yi waƙar yabon Manzon Allah (SAW), ya je aikin Hajji, ya yi waƙoƙin kiran mutane ga noma da haɗin kan ƙasa. Ya shiga siyasa ma: ya yi kansila a Kankiya cikin shekarun 1970, a Jamhuriya ta Uku kuma ya shugabanci jam'iyyar SDP a Funtuwa. Ɗan Adam ne, da nasa da ba nasa ba. Hukunci na Allah ne.

Masu ilimin boko ba su raina shi ba. Dandatti Abdulƙadir, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Bayero ta Kano, a kan Shata ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975. Gwamnatin Tarayya ta ba shi lambar girma ta MON. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa, shi ya sa kuke jin ana cewa Dokta Mamman Shata. Yaron da mahaifinsa ke gudun kada ya zubar da mutuncin gida da roƙo, shi ne aka sa wa rigar jami'a. Ya kuma fita ƙasashen waje, har Ingila da Amurka.

Ya yi jinya a ƙarshen rayuwarsa, har an kai shi Jidda. Allah Ya yi masa rasuwa ranar Juma'a 18 ga Yuni 1999 a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, yana da kimanin shekara 76. An binne shi a Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar.

Ku dubi shekarar nan da kyau, 1999. A cikinta ne mujallar Fim ta fara fitowa, kuma a daidai lokacin ne finafinan Hausa masu waƙa da rawa suka fara mamaye kasuwa, piyano ya fara ture kalangu gefe. Wato kamar ƙofa ɗaya na rufewa, wata na buɗewa. Wani abin sha'awa, Ibrahim Sheme da ya kafa mujallar Fim shi ne ya jagoranci rubuta littafin tarihin Shata mai suna Shata Ikon Allah, tare da Yusuf Tijjani Albasu da Aliyu Ibrahim Ƙanƙara da Ali Malami, wanda ya fito a 2006. Ashe tun asali masu fim da masu Shata ba abokan gaba ba ne.

Abin da ke damuna shi ne wannan. Shata bai rubuta waƙoƙinsa ba, shi kansa bai riƙe adadinsu ba. Da yawa a wurin biki aka yi su, wanda ke da rikoda ya ɗauka, wanda ba a ɗauka ba ta bi iska. Zaren kaset kuwa leda ce da aka shafa wa garin maganaɗisu, zafi da laima suna cin sa, kamar yadda suka cinye na kakana. Waɗanda aka tura waya kuma mu masu turawa mun yi musu illa: mun yanke farkonsu, mun goge sunayensu, wani lokaci har waƙar wani mu laƙa wa Shata. Ni ma ina cikin masu laifin. Sannan kowace waƙa cike take da sunayen mutane da garuruwa, kuma tsofaffin da suka san su wane ne waɗannan mutane suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Ran da suka ƙare, za a bar mu da sauti babu bayani.

Don haka ga roƙona. Idan akwai kaset a gidanku, kada ku bari a zubar ko yara su warware zaren. Ku cire shi daga ƙasa da wurin zafi, ku nemi mai rediyon kaset a mayar da shi cikin waya ko kwamfuta, a ajiye a wuri fiye da ɗaya. Ku rubuta sunan waƙar, da wanda aka yi wa, da inda aka samo kaset ɗin. Sai ku zauna da kaka ko kawu ku kunna masa, ku bar shi ya yi bayani, ku ɗauki muryarsa shi ma. Ni na fara da guda ukun nan da suka tsira. Ta kumbo kuwa sai wajen wani dattijo mai gyaran rediyo a Kabo na samo ta. Da na kunna wa Baba Tsoho bai ce min komai ba, ya dai gyara zama, ya sa a kira ƙannena su zo su ji.

Allah Ya jiƙan Alhaji Mamman Shata, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya jiƙan iyayenmu da kakanninmu. Duk wanda ke da wata tsohuwar waƙarsa da ba a cika ji ba, don Allah ya sanar da mu. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.