Muhammadu Al-Katsinawi: Malamin Hatimin Da Masu Koyon Kwamfuta Ba Su Sani Ba

A hutun Babbar Sallar da ta wuce na je gida Rogo Ruma, na tarar da ɗiyar ƙanena ta rafka tagumi a gaban wata tsohuwar kwamfuta. Shekararta ta farko ke nan tana koyon rubuta manhaja da harshen Python a wata makaranta a Kano, an kuma ba su aikin gida cewa su umarci kwamfuta ta jero lambobi daga 1 zuwa 100. Ita kuwa baiwar Allah sai ta duƙufa tana rubuta umarnin layi bayan layi, har ta kai na 37. Darasin da ake so ta gane shi ne madauki, wato a rubuta umarni sau ɗaya, a ce wa na'ura ta yi ta maimaita shi tana ƙara ɗaya a kowane zagaye, har ta iso inda aka ce ta tsaya. Layi biyu sun wadatar. Da muka warware matsalar sai ta ce mini ai irin wannan tunani na Turawa ne, kanmu bai saba da shi ba. Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin daga Rogo ɗan taƙi ne mutum ya shiga ƙasar Katsina, inda aka yi wani malami da ya rubuta irin wannan tunani kusan shekara 300 da suka wuce.

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, wato Bafulatani, mutumin Katsina. Ya tashi a zamanin da birnin ke cike da fatake da malamai, tun kafin jihadin 1804. Daga cikin malamansa akwai Muhammadu al-Wali na ƙasar Bagarmi, da Shaihu Muhammadu Bindu, wanda a wurinsa ne ya ƙware a hisabi da ilimin aufaƙi, abin da Bahaushe ya fi sani da hatimi. A shekarar 1730 ya yi aikin Hajji, ya zauna a Makka na wani lokaci, daga nan ya zarce birnin Alƙahira. A can ya kammala babban littafinsa na ilimin taurari da ɗalasimai, Durrul Manzum, wanda ya fara tun a Makka. Ya yi rubutu a kan manɗiƙi, sannan yana da littafin nahawu mai suna Bulugul Arab, wanda ni da nake cin abinci da nazarin harshe ba zan iya tsallake ambatonsa ba. Amma aikin da ya kai sunansa cikin tarihin lissafi shi ne wanda ya yi wajen 1732 a kan gina hatimi, musamman littafin Bahjatul Afaƙ.

Mai karatu ya san hatimi, ko da a allon malam ne ko a bangon zaure. Murabba'i ne da aka rarraba gida-gida, a zuba lambobi ta yadda duk inda aka tara, a kwance ko a tsaye ko a karkace, jimilla ɗaya za a samu. Mai gida uku-uku yana ba da 15, mai biyar-biyar 65, mai bakwai-bakwai 175. Kowa zai iya haddace ƙaramin. Gwanintar Malam Muhammadu ita ce bayyana ƙa'idojin da za su gina kowane hatimi mai gidajen mara, wato uku, biyar, bakwai, har abin da ya yi sama, kuma a cikin hanyoyinsa har da mai bin tsallen doki na wasan darar da Larabawa ke kira shaɗaranji: gida biyu gaba, ɗaya gefe.

Bari in kawo mafi sauƙin hanya a cikin wannan dangi, wadda na zana wa yarinyar a ƙasa da tsinke. A sa 1 a gidan tsakiya na layin ƙasa. Daga nan a gangara gida ɗaya, a matsa dama gida ɗaya, a sa lamba ta gaba. In tafiyar ta fice ta ƙasa, a ɓullo ta sama. In ta fice ta dama, a ɓullo ta hagu, tamkar an naɗe takardar gefe ya haɗu da gefe. In aka tarar gidan da mai shi, a koma gidan da ke saman lambar da aka rubuta yanzu. A yi ta haka har gidaje su ƙare. Layin sama zai fito 4, 9, 2, na tsakiya 3, 5, 7, na ƙasa 8, 1, 6. To, jama'a, me ya rage a darasin madauki? Ga mafari, ga taki guda da ake maimaitawa, ga sharaɗin abin da za a yi in hanya ta toshe, ga kuma wurin tsayawa. Wanda ya manta da na ƙarshen nan a kwamfuta zai ga na'urar ta yi ta juyawa kamar jakin da aka ɗaure a turke. Ko harshenmu ma ya san dabarar: yanka sau ɗaya ne, yayyanka kuwa aikin ne ake ta nanatawa, ba tare da mai magana ya faɗi kalmar sau goma ba.

Ba ina cewa Bakatsine ne ya ƙirƙiro kwamfuta ba, irin wannan kurin ba ya ƙara mana komai. Sinawa sun san hatimi mai gida tara tun da daɗewa, Ahmad al-Buni ya yi rubutu a kan aufaƙi a ƙarni na 13, kuma madaukin da aka fara tsara wa na'ura ana danganta shi ne ga Ada Lovelace ta Ingila a 1843, shekara 102 bayan rasuwar malamin namu. Abin da nake cewa shi ne, tsara aiki taki-taki yadda wanda bai san sirrinsa ba ma zai bi ya dace, abu ne da aka koyar a zaurukan ƙasar nan da tawada da alƙalamin kara.

Na san inda gizo ke saƙa. Da an ce hatimi, da yawanmu tsibbu ne ke faɗo mana a rai, kuma gaskiya ne shi kansa Malam Muhammadu ya ɗauki aufaƙi a matsayin ilimin asirai, har yana jan kunnen almajirai su riƙe shi a ɓoye. Hukuncin wannan ɓangare na malaman addini ne, ba nawa ba. Sai dai lissafin da ke ciki ba ya buƙatar kowa ya yi imani da laya kafin ya tabbata, 65 ɗin nan 65 ce a hannun kowa. Mu da muka yi boko mun haɗa tsaki da tsakuwa mun watsar, har sai da wata Ba'amurkiya, Claudia Zaslavsky, ta gabatar da shi ga duniya a littafinta Africa Counts na 1973. Ni kaina sai da na gama digiri na farko kafin na taɓa jin sunansa.

A Alƙahira ya sami masauki a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, malamin falaki da lissafi, amana ta ƙullu a tsakaninsu har ya naɗa shi wasiyyinsa, ya bar masa littattafansa. A gidan ne Allah Ya yi masa rasuwa a 1741, wato 1154 bayan Hijira, aka binne shi a can, bai sake ganin Katsina ba. Ɗan mai gidan, Abdurrahman al-Jabarti, wanda aka haifa fiye da shekara goma bayan haka, shi ne ya zama babban marubucin tarihin Masar, kuma a littafinsa Aja'ibul Asar ne aka adana mafi yawan abin da muka sani na rayuwar wannan bawan Allah. Allah Ya jiƙansa da rahama.

Kafin in baro Rogo yarinyar ta mayar da zanen ƙasan nan manhaja, layukan ba su kai ashirin ba. Ta gwada da biyar, muka tara da hannu, 65 ta fito ta kowace fuska. Daga nan ta goge 5 ta rubuta 101, na'urar ta cike gidaje 10,201 kafin in kurɓi shayin da ke hannuna.