Dokta Byang Kato na Kwoi (1936–1975): Daga Gadon Tsafi Zuwa Hidimar Bishara

A Kudancin Kaduna, daga Kafanchan zuwa Kagoro, daga Zonkwa zuwa Kwoi, da wuya a sami tsohon mai bi wanda bai taɓa jin sunan Byang Kato ba. Fastoci suna ambatonsa a wa'azi, ɗaliban tauhidi suna nazarin littafinsa. Sai dai yawancin masu ambaton nasa ƙarshen labarin suka sani, wato zurfin ilimi da manyan muƙamai. Kaɗan ne suke tuna cewa da duka da yunwa labarin ya fara. Saboda haka tarihinsa abin dubawa ne ga duk wanda yake zaune a inda ake danne shi, ko a gida ko a wurin aiki, yana tunanin ko akwai wata rayuwa gaba da wannan.

Haihuwarsa da ƙuruciyarsa

An haifi Byang ranar 23 ga Yuni, 1936, a Sabzuro cikin Kwoi, yamma da Kafanchan, a ƙasar Ham waɗanda Hausawa ke kira Jaba. 'Yan mishan na SIM sun riga sun zauna a Kwoi tun shekarar 1910, amma gidaje da yawa suna riƙe da addinin kakanni, har da gidan iyayensa, Heri da Zawi. Tun yana jariri mahaifinsa ya keɓe shi domin ya zama matsafi. Da ya kai kimanin shekara goma aka shigar da shi al'adar da ke mai da yaro namiji cikin kabilarsa. A idon dangi, an gama shata masa hanya, ba abin da ya rage sai ya bi.

A waɗannan kwanaki ne wata 'yar mishan mai suna Mary Haas take zuwa dandalin gari da garmaho, tana tara yara tana ba su labarin Yesu. Byang yana cikin yaran da suke taruwa. Daga nan ya soma zuwa makarantar Lahadi, ya kuma ƙwallafa rai ga makarantar mishan. Mahaifinsa bai yarda da wuri ba, gama yana bukatar hannunsa a gona. Da ya yarda kuwa, sai yaron ya riƙa raba yininsa biyu, rabi ga fartanya, rabi ga allo.

Tsanani a cikin gida

Yana da shekara goma sha biyu, wata rana malaminsu, ɗan ƙasa, ya ba su labarin Nuhu da jirginsa, ya bayyana musu hanyar ceto ta wurinsa. Byang ya miƙe a gaban 'yan ajinsu ya karɓi Yesu Almasihu. Da labari ya kai gida, mahaifinsa ya husata ƙwarai. Ya yi masa duka, ya hana shi abinci, ya ƙwace rigarsa.

Ya kamata a fahimci abin da ke zuciyar wannan uba. A ganinsa, yaron ya karya wa'adin da aka yi da iskoki, ya kuma jawo wa gida masifa da kunya. Tsoro ne ya sa shi ɗaga sanda. Amma tsoron uba bai rage wa yaron zafin sandar ba, bai kuma cika masa ciki ba. Yaro ɗan shekara goma sha biyu ya tsaya tsakanin abu biyu: ko ya koma ga abin da lamirinsa ya ƙi domin ya sami tuwo da riga, ko ya tsaya a kan bangaskiyarsa ya rasa su. Ya zaɓi na biyu. A shekarar 1948 Rabaran Raymond Veenker ya yi masa baftisma, ya karɓi sunan Henry.

Bai tsaya shi kaɗai ba. 'Yan mishan sun ba shi tufafi, suka kuma ba shi ɗan aikin da yake yi yana biyan kuɗin makaranta. Wannan taimako bai taka kara ya karya ba a idon mai kallo, amma shi ne ya raba shi da dogara ga hannun da ke dukansa. A shekarar 1953 aka yi babbar farkawa a ikkilisiyar Kwoi. Mutane suna tuba da hawaye, suna kawo baiko domin aikin bishara. Byang ya tuɓe rigarsa ya ajiye tare da sauran baye-baye, ya miƙa kansa ga hidimar Ubangiji muddin ransa.

Gina sabuwar rayuwa

Fita daga tsohuwar hanya mataki ɗaya ne, gina sabuwa kuwa aikin shekaru ne. A 1955 ya tafi makarantar Littafi Mai Tsarki ta Igbaja, a ƙasar Yarabawa, ya gama a 1957. A shekarar nan ya auri Jummai Rahila, Allah ya albarkace su da 'ya'ya uku. Ya koyar a makarantun Littafi Mai Tsarki, har da ta garinsu Kwoi. A 1959 ya shiga aikin mujallar African Challenge a Legas, yana amsa wasiƙun masu karatu da ke neman shawara.

Byang bai yi makarantar sakandare ba, wannan kuwa babbar katanga ce a gaban duk mai neman ilimi mai zurfi a lokacin. Bai zauna yana kukan abin da ya rasa ba. Yana aiki, yana riƙe da iyali, yana kuma karatu ta gidan waya, har ya ci jarrabawar GCE, ƙaramin mataki a 1961, babban mataki a 1963. Sannu ba ta hana zuwa. A 1963 ya tafi London Bible College a Ingila, ya sami digiri na tauhidi na Jami'ar Landan a 1966, ya dawo ya koyar a Igbaja.

A 1967 aka zaɓe shi Babban Sakataren ECWA, ya koma Jos. Shekarun nan uku, 1967 zuwa 1970, su ne na yaƙin basasa, sa'ad da ikkilisiya take da 'ya'ya a kowane gefen fagen fama. A 1970 ya tafi makarantar tauhidi ta Dallas a Amurka, ya sami digiri na biyu a 1971, na dokta kuma a 1974. Tun a 1973, a taron Limuru na ƙasar Kenya, aka zaɓe shi Babban Sakataren ƙungiyar masu bishara ta Afirka da Madagaska, wato AEAM. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya riƙe wannan muƙami. A watan Yuli 1974 ya yi jawabi a babban taron bishara na duniya a Lausanne ta ƙasar Suwizalan.

Bai raina tushensa ba

Mutane da yawa in sun tsira daga inda aka cuce su, sukan ƙi ko jin sunan wurin. Byang bai yi haka ba. Ya riƙe sunansa na Ham har ƙarshe. A littafinsa na 1975, Theological Pitfalls in Africa, ya keɓe wuri ya bayyana addinin Jaba da idon wanda ya san shi daga ciki. Ya yarda cewa kakanninsa sun san akwai Mahalicci, amma ya tsaya a kan cewa ceto yana cikin Almasihu kaɗai. Ya koyar da cewa mai bi ɗan Afirka ya riƙe harshensa da kiɗansa da duk al'adar da ba ta saɓa wa Maganar Allah ba. A kan wannan ya yi muhawara da manyan masana kamar John Mbiti na Kenya da Bolaji Idowu na Nijeriya, wasu masana kuma daga baya suka ga kamar ya tsananta wa addinin gargajiya. Amma shi abin da ya ɗanɗana a jikinsa yake faɗa. Daga bisani iyayensa ma suka ba da gaskiya, har da mahaifin da ya yi masa duka.

Ranar 19 ga Disamba, 1975, yana hutu da iyalinsa a bakin teku kusa da Mombasa, ruwa ya ci shi. Yana da shekara 39. Makarantun tauhidi da ya yi ta roƙon a kafa sun tabbata a bayansa, ta Bangui a 1977, ta Nairobi a 1983.

Darasi ga iyalai

Na fari, haƙuri maganin zaman duniya ne, amma haƙuri ba miƙa lamiri ga mai zalunci ba ne. Akwai gidajen masu bi da ake dukan mata da yara a ɓoye, akwai wuraren aiki da ake tilasta wa ma'aikaci ƙarya ko a hana shi hakkinsa. Wanda ransa ko lamirinsa yake cikin haɗari bai yi zunubi ba in ya nemi mafaka ya kuma faɗa wa dattawa.

Na biyu, ikkilisiya ta tuna da riga da ɗan aikin da aka ba yaron Kwoi. Mai gudun tsanani yana bukatar addu'a, yana kuma bukatar ɗaki da abinci da sana'a. Zumuntar mata da ta maza suna iya yin wannan ba tare da jiran taimako daga waje ba.

Na uku, a fita ba tare da ƙiyayya ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Byang ya rabu da tsafi, amma bai yar da mahaifinsa ba, ya kuwa ga ranar da suka zama 'yan'uwa cikin Ubangiji ɗaya.

Allah ya ta'azantar da waɗanda ke shan tsanani a yau, ya ba iyaye zuciyar tausayi, ya kuma ba ikkilisiyarsa idon ganin yaron da aka ƙwace wa riga. Amin.