Margaret Ekpo: Matar Da Ta Tara Mata Da Gishiri

'Yan'uwa mata, yau za mu waiwayi tarihin Margaret Ekpo, wadda aka haifa a Creek Town kusa da Kalaba a 1914. Maigidanta likita ne a garin Aba. Da yake ma'aikacin gwamnati ne, ba shi da damar halartar taron siyasa, sai ita ta riƙa zuwa a madadinsa. Ta tarar duk maza ne.

Da gishiri ya yi wuya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai ta saye shi, ta ƙi sayar wa kowa sai matar da ta shiga ƙungiyarsu ta matan kasuwa. Ai kuwa mazajen da kansu suka riƙa turo matansu! Zuwa 1955, mata masu ƙuri'a a Aba sun fi maza yawa. A 1961 ta ci zaɓen Majalisar Dokokin tsohuwar Jihar Gabas a jam'iyyar NCNC, alhali mu matan Arewa sai 1976 muka sami 'yancin jefa ƙuri'a.

Ta rasu a 2006, filin jirgin saman Kalaba kuma sunanta aka sa masa. To, ke mai barin katin zaɓenki a ƙasan akwati, sai ki duba.